Ɗakin wanda ba shi da kowa: tarihin gidajen gajiyayyu da inda Damagaram ta tsaya

A nan Damagaram, duk sa'ad da hira ta kai ga gidajen da ake ajiye tsofaffi a ƙasashen Turai, amsar da mutane ke bayarwa kusan ɗaya ce, wato Allah ya kiyaye, mu ba mu zubar da iyayenmu. Akwai gaskiya a cikin wannan magana, kuma ni ma ba na fatan ganin ranar da ɗa mai lafiya da abin hannu zai ɗauki mahaifiyarsa ya kai ta hannun baƙi don kawai ta yi masa nauyi. Sai dai maganar ta ɗauka cewa kowane tsoho yana da ɗa, kuma ɗan yana raye, yana kusa, yana da halin riƙe shi. Wanda ya saba wucewa ta ƙofofin masallatan Birni da Zango ranar Juma'a, ko ta bakin kasuwar Dole ranar Alhamis, ya san cewa akwai tsohuwar da Allah bai ba haihuwa ba, akwai wadda ta haifa ta binne, akwai kuma tsohon da ƴaƴansa suka tafi Libiya ko Aljeriya har aka daina jin ɗuriyarsu. Domin irin waɗannan bayin Allah aka fara gina gidajen da nake son ba da tarihinsu, kuma Musulmi sun san irin wannan aiki tun shekarun farko na Hijira.

Lokacin da aka juya alƙibla daga Ƙudus zuwa Ka'aba, a shekara ta biyu bayan Hijira, bangon da ake fuskanta a da ya koma bayan masallacin Madina. A wurin aka yi rumfa da ganyen dabino, ita ce Suffa, inda Muhajirai marasa gida da dangi da dukiya suke kwana. Abu Huraira, Allah ya yarda da shi, yana cikinsu, kuma ya faɗa cewa ya ga mutum saba'in daga cikinsu waɗanda babu wanda ya mallaki cikakkiyar sutura. Ba a bar su ga sa'ar ranar ba, domin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci wanda yake da abincin mutum biyu ya tafi da na uku daga cikinsu, mutanen Madina kuma sukan rataye nonon dabino a masallaci domin mai jin yunwa ya tsinka. Abin lura shi ne inda aka ajiye su: a cikin masallaci, a tsakiyar gari, a idon kowa, ba a bayan gari ba.

Abin da ya mai da wannan alheri tsari mai ɗorewa shi ne hubusi, wanda ake kuma kira wakafi. Sayyidina Umar ya samu gona a Haibara, ya tambayi Annabi abin da zai yi da ita, aka ce masa in ya so ya tsare asalinta ya yi sadaka da amfaninta. Sai ya shardanta cewa ba za a sayar da ita ba, ba za a bayar da ita kyauta ba, ba za a gāje ta ba, amfaninta kuma na talakawa ne da dangi da bayi da matafiya da baƙi. A zamanin halifancinsa an ruwaito cewa ya ga wani tsoho makaho Bayahude yana bara don ya biya jiziya, wato harajin da wanda ba Musulmi ba yake biya, ya ce ba a yi masa adalci ba idan aka ci ƙuruciyarsa aka yashe shi a tsufansa, ya sauke masa jiziyar ya yanka masa abin zaman gari daga baitulmali. Halifa Walidu ɗan Abdulmalik, wanda ya yi mulki daga 705 zuwa 715, ya hana masu cutar kuturta bara ya ba su abin da zai ishe su, ya ba kowane makaho ɗan jagora, kowane gurgu mai yi masa hidima.

Daga baya manyan biranen Musulmi suka cika da gidajen hubusi. Wanda ya fi jan hankalina shi ne wani gida na mata a Alƙahira da ake kira Ribaɗul Bagadadiyya, wanda ƴar Sarki Baibars ta gina a 1285. Masanin tarihin Masar, Maƙrizi, ya bayyana cewa a nan ake sauke matan da aka saki ko waɗanda mazajensu suka ƙaurace musu, su zauna a ƙarƙashin wata malama mai karantar da su har su yi wani aure ko su koma ɗakinsu, kuma gidan ya yi fiye da shekara ɗari yana wannan aiki. A Ƙudus kuwa, uwargidan Sarkin Musulmi Sulaiman na daular Usmaniyya, Hurram, ta kafa hubusi a 1552 mai ɗakuna 55 da madafa da ake raba burodi da miya sau biyu a rana, aka tsayar da kuɗin shigar wasu ƙauyukan Falasɗinu domin ɗaukar nauyinsa. Daular ta faɗi tun tuni, amma madafar tana dafa wa talakawa har gobe. Ita dai wannan daula ce ta buɗe babban gidan gajiyayyu na Santambul a 1896, zamanin Sarki Abdulhamid na Biyu, aka gina masa masallaci da coci da wurin ibadar Yahudawa a farfajiya ɗaya, domin gajiyayye ba ya zuwa da addini guda.

Kada a ce wannan labarin Larabawa da Turkawa ne kawai. Mutanen Kanem, waɗanda daularsu ta zama Barno da Damagaram ta daɗe tana kai wa gaisuwa, sun ba wani alƙali mai suna Ibn Rashiƙ kuɗi a kan hanyarsu ta Hajji a shekarun 1240, ya gina makarantar Malikiyya a Alƙahira wadda ta zama masaukinsu, kuma suka ci gaba da aika mata kuɗi kusan kowace shekara. Askiya Muhammadu na Sangai, a Hajjinsa na 1496 zuwa 1497, ya yi sadaka da zinariya dubu ɗari a Makka da Madina, a ciki har da lambun da ya saya a Madina ya hubusta shi ga mutanen Tukururu, wato na Afirka ta Yamma. Ke nan sarakunan ƙasashenmu sun san hubusi sarai, sai dai shahararrun misalan da tarihi ya riƙe mana duka a ƙasashen waje suka yi su, domin mahajjata da ɗalibai. A gida wata hanya aka bi, wadda zan zo kanta.

A ƙasashen Kirista ma addini ne ya fara aikin. Tun wajen shekarar 370 wani limamin Kirista mai suna Basil ya gina unguwa guda ta marasa lafiya da matalauta da baƙi a bakin garin Kaisariya, a ƙasar Turkiyya ta yau. A Ingila, gidan Saint Cross da ke Winchester ya samo asali ne tsakanin 1132 da 1136, lokacin da babban limamin garin, Henry na Blois, ya kafa shi domin matalauta maza goma sha uku waɗanda rauni ya hana su neman abinci, tare da ciyar da wasu mutum ɗari a ƙofa kowace rana. Gidan yana nan da tsofaffinsa, kuma duk matafiyin da ya tsaya a ƙofa ya roƙa ana ba shi guntun burodi da abin sha kamar yadda aka shardanta tun farko. Da yawa daga cikin irin waɗannan gidaje sun rushe lokacin da Sarki Henry na Takwas ya ƙwace dukiyar gidajen ibada tsakanin 1536 da 1540, amma attajirai da ƙungiyoyin masu sana'a suka ci gaba da kafa sababbi, har ya zama a yau akwai ƙungiyoyin irin waɗannan gidaje kimanin 1,600 a Birtaniya, masu ɗauke da mutane wajen 36,000.

Misalin da ya cancanci a daɗe a kansa shi ne na garin Augsburg a Jamus. Yakubu Fugger, wanda ya tara dukiya daga haƙar tagulla da azurfa da ba sarakuna rance, kuma mutanen zamaninsa ba su raga masa ba a kan cin riba, ya fara gina wata ƴar unguwa a 1516, ya rubuta takardar hubusinta a 1521. Sharuɗɗansa kaɗan ne. Mai shiga ya zama ɗan garin, ɗan ɗarikar Katolika, wanda talauci ya kama ba da sakacinsa ba. Kuɗin haya na shekara guda shi ne tsabar kuɗi ɗaya ta wancan zamani, kuma ba a taɓa ƙara shi ba, a yau ana lissafa shi santim 88 na kuɗin Turai, abin da bai kai sefa 600 ba, wato ƙasa da dala ɗari da ashirin a shekara a lissafinmu na nan, inda dala ɗaya take sefa biyar, ban da kuɗin wuta da ruwa da ɗumama ɗaki. Sauran hayar addu'a ce, domin kowane mazauni yana yi wa mai hubusin da danginsa addu'a uku kowace rana. Unguwar tana da katanga da ƙofofi da ake rufewa da ƙarfe goma na dare, kuma a yau tana da gidaje 67 da aka kasa sassa wajen 140.

Abu biyu ne suka sa wannan unguwa ta kai shekara ɗari biyar, har ta tashi bayan ruwan bama-baman da ya rusa ta a 1944. Na farko, tana da abin da take ci da kanta, domin hubusin ya mallaki dazuzzuka da ake sayar da katakonsu, ba ta jiran wani ya tuna da ita. Na biyu, kowane sashe yana da ƙofarsa da ke buɗewa kan titi, ba ya bi ta cikin na wani. An ma yi wa igiyar ƙararrawar kowace ƙofa mariƙi mai siffa dabam, domin mai gida ya lalubo ƙofarsa a cikin duhu tun kafin a san fitilun titi. Mutumin da yake biyan haya, ko da ta dala ɗari ce, kuma yake riƙe da mabuɗin ƙofarsa, mai gida ne, ba wanda aka ajiye ba. Batun addu'ar kuwa bai kamata ya ba Musulmi mamaki ba, tun da mun san cewa mai dukiya yana buƙatar addu'ar miskini fiye da yadda miskinin yake buƙatar tuwonsa, kuma sadaka mai gudana tana cikin abubuwa uku da ba su yankewa bayan mutuwa.

Amma akwai wata fuska ta wannan tarihi, kuma ita ce ta ɓata sunan gidajen gajiyayyu har a wurin Turawan kansu. A 1656 Sarki Luwi na Goma Sha Huɗu na Faransa ya ba da umarnin kame mabarata a Paris a kulle su, maza a Bicêtre, mata a Salpêtrière, aka cakuɗa tsoho da maraya da mai taɓin hankali da mai laifi a wuri ɗaya. Manufar ba ta wuce a share tituna ba. A Ingila, dokar matalauta ta 1834 ta kafa gidajen aiki bisa ƙa'idar cewa dole zaman cikinsu ya fi rayuwar lebura mafi talauci wuya, domin kada kowa ya yi marmarin shiga. Ana raba miji da mata a ƙofa, a raba uwa da ƴaƴa, a karɓe tufafin mutum a ba shi na gidan, a sa masu ƙarfi fasa duwatsu ko warware tsofaffin igiyoyin jirgin ruwa. An yi dokar ne don a tsorata masu ƙarfi da ake zargi da lalaci, amma da tafiya ta yi nisa sai ya zama akasarin waɗanda ke ciki tsofaffi ne da marasa lafiya, mutanen da babu tsoratarwar da za ta mayar musu da ƙarfinsu. Dattijo da matarsa da suka yi shekara arba'in tare sukan gwammace yunwa da a raba su.

A cikin wannan zamani ne wata baiwar Allah mai aikatau a Faransa, Jeanne Jugan, ta tsinci wata tsohuwa makauniya a lokacin sanyin 1839 a garin Saint-Servan, ta goya ta zuwa ɗakinta ta ba ta gadonta. Daga nan ƙungiyarta ta faro, kuma dabararta ita ce ta ɗauki kwando ta bi gida-gida tana roƙo a madadin tsofaffin, domin su huta da yawon bara. Abin da ya rage cunkoson waɗancan gidaje na tilas daga ƙarshe shi ne fansho: Jamus ta fara a 1889, Birtaniya ta bi a 1908 da sule biyar a mako ga wanda ya kai shekara 70, Faransa kuma ta wajabta taimakon tsofaffi da naƙasassu a dokar 1905. Da tsoho ya samu ɗan abin da zai riƙe kansa, sai ya zauna a ɗakinsa.

To, a ƙasar Hausa yaya aka yi? Ba mu gina gidaje na musamman ba domin babban gida shi ne gidan gajiyayyu. Maigida mai hali yana da zaure da ɗakunan ƙofar gida inda baƙo da almajiri da bara suke kwana, a cikin gida kuma ba a rasa ɗakin wata tsohuwa wadda in aka bi salsala ba ta haɗa jini da kowa ba, wataƙila ƙawar kakar gidan ce, ko matar wani tsohon bara da ya rasu, yara suna kiranta Inna ko Kaka, kwanonta yana cikin lissafi duk dare, zanenta yana cikin kayan Salla. A Zango, inda ayarin Buzaye da fataken Arewa suke sauka, attajirai irin su Malam Yaro na ƙarshen ƙarni na 19 sun riƙe gidaje masu yawan ɗakuna da yawan bakin ci, kuma girman mutum a lokacin ana auna shi da yawan waɗanda ke ci a ƙofarsa. Ba zan ce duka tausayi ne ba, domin wasu daga cikin tsofaffin nan bayi ne da aka ci ƙarfinsu, musamman a zamanin Sarki Tanimun da Damagaram ta bunƙasa da yaƙi da fatauci, kuma ciyar da su a tsufa hakki ne da shari'a ta ɗora wa ubangijinsu. Makafi da guragu da masu cutar kuturta kuwa suna da nasu sarakuna a garuruwan Hausa, masu sasanta su da raba musu sadakar fada da ta attajirai, abin da ya ba su matsayi sananne a cikin gari.

Inda aka ware mutane a gefe kuwa, mun ga sakamakon da idonmu. Unguwar Kara-Kara ta samo asali ne a matsayin mazaunin masu cutar kuturta a bakin gari, kuma ko da yake cutar tana da magani yanzu, ƙyamar da aka yi wa kakanni ta bi jikokin da ba su taɓa yin ta ba, a wajen neman aure da neman aiki da yadda ake kallon duk wanda ya ce daga can ya fito. Duk mai tunanin gina wa gajiyayyu wuri a wannan gari ya kamata ya fara da wannan darasi kafin ya je na Paris ko na Landan.

Tsarin babban gida yana da kyau, amma yana da rauni guda wanda ba mu cika son faɗa ba: yana rataye ne a kan ran mutum ɗaya. Ranar da maigida ya rasu, gidan ya zama gado. Tsohuwar da ta yi shekara ashirin a ɗakin nan ba ta cikin magada, kuma idan aka zo rabo aka ga gidan ba ya rabuwa sai an sayar, babu wanda ya zalunce ta a shari'a, amma ta rasa wurin kwana. A da magada sukan bar gida a haɗe a ƙarƙashin babban wa, a ci gaba da gandu da tukunya ɗaya. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 da yunwar 2005 sun watsa gidaje da yawa, samari suka bazu neman kuɗi, filaye a cikin gari suka yi tsada, kowa ya koma son nasa gidan siminti mai ɗaki uku da ƙofar ƙarfe wanda ba a yi masa zaure ba. Wanda yake zaman haya ba shi da ɗakin da zai ba wani. Mun ga inda matsi yake kai mutane: a watan Oktoba na 2013 mutum 92, akasarinsu mata da yara kuma da yawansu daga yankin Kance, suka mutu da ƙishirwa a hamada a kan hanyar Aljeriya, kuma a 2022 sai da hukuma ta aika jirage Dakar ta kwaso ɗaruruwan ƴan jiharmu da ke bara a titunan can. Gidan da mata da yara suka fita neman abinci har wata ƙasa, wa ya rage a ciki zai kula da tsoho?

Akwai kuma abin da duk wanda ya karanta Risala, littafin fiƙihu na Ibn Abi Zaid, a zaure ya sani, ko da yake ba a cika kawo shi a wannan magana ba. A mazhabar Malikiyya, ciyarwar da ta wajaba a kan namiji ita ce ta matarsa, da iyayensa biyu idan matalauta ne, da ƙananan ƴaƴansa marasa dukiya, kuma Ibn Abi Zaid ya faɗa a fili cewa babu ciyarwa ta wajibi ga sauran dangi. Ke nan gwaggo da inna da kawu, har ma da kaka, abin da ake yi musu zumunci ne da neman lada, ba hakkin da alƙali zai tilasta ba. Malamai ba su manta da su ba ne, sun bar su ga baitulmali da zakka da hubusi. Baitulmali irin na da babu shi. Fanshon hukuma da na asusun ma'aikata yana isa ne ga wanda ya yi aikin albashi, alhali mafi yawan tsofaffinmu manoma ne da makiyaya da masu ƙananan sana'o'i da matan da suka ƙare rayuwarsu a tsakar gida. Dokar hukunta laifuffuka ta Nijar ta haramta bara, amma ta ɗauke hukunci daga kan wanda ya haura shekara sittin da naƙasasshe, wato ta yarje wa tsoho ya roƙa, ba ta ce ga inda zai kwana ba. Zakka kuwa ana damƙa ta ne a hannun mabuƙaci ya ci ta ƙare, kuma mafi yawan malamai ba su yarda a yi gini da ita ba. Saura hubusi, kuma shi ne muka fi sakaci da shi.

Na san abin da za a ce, cewa in aka buɗe irin wannan gida, marasa kunya za su kwaso iyayensu su zube. Wannan tsoro ba na banza ba ne, amma maganinsa yana hannun mai hubusi, domin sharaɗin da ya gindaya shi ake bi matuƙar bai saɓa wa shari'a ba. Yana iya cewa ba a ba da ɗaki sai ga wanda ba shi da ɗa mai hali, kuma sai liman da mai unguwa sun shaida, kamar yadda attajirin Augsburg ya zaɓi wanda zai shiga nasa. Kuma ba babban gini nake nufi ba mai dogon zaure da gadaje a jere da allo a ƙofa. Tsofaffi ba su da yawa a cikinmu, tun da waɗanda suka kai shekara 65 ba su kai kashi 3 cikin ɗari na mutanen Nijar ba, marasa kowa a cikinsu kuma kaɗan ne daga wannan kaɗan. Ɗakuna huɗu ko shida a cikin unguwar da tsohuwa ta saba, kusa da masallaci da maƙwabtan da suka san sunanta, kowane ɗaki da ƙofarsa da mabuɗinsa, sun isa unguwa guda. Abin da ba a iya tsallakewa shi ne abin da gidan zai ci: shaguna biyu ko uku a bakin hanya da hayarsu za ta riƙa shigowa, ko lambu a Mirya ko Gidimuni, domin a sayi hatsi da magani, a gyara rufi kafin damina, a kuma biya ɗan ga-ruwa, tun da kowa ya san abin da ruwa yake nufi a Damagaram a watannin bazara, balle ga wadda ba ta iya ɗaga bokiti. Sadakar Juma'a ruwan tulu ce, hubusi kuwa rijiya. Masu hali a garin nan ba su da rowa wajen gina masallatai, har akan samu biyu suna kallon juna a layi ɗaya, kuma da za a karkatar da kaɗan daga wannan niyya, ladar ba ta ragu ba.

Wanda ba shi da ƙarfin hubusi ma fiƙihu ya ba shi ƙaramar hanya, wadda ake kira al'umra, ba Umrar zuwa Makka ba. Mutum yana iya mallaka wa wani zaman ɗaki ko gida na tsawon ran wanda aka ba, in ya rasu ɗakin ya koma ga mai shi ko ga magadansa. Da maigida zai yi wa tsohuwar da ke gidansa wannan a gaban shaidu a rubuce, magada ba su rasa kome ba sai ɗan jinkiri, ita kuwa ba mai tashinta. A ɓangaren hukuma, Senegal ta yi dokar wakafi a 2015, Nijar ta yi tata a 2019 aka kuma kafa babbar hukuma mai kula da shi, saboda haka takardar hubusi tana da inda za ta tsaya a gaban kotu.

Sharaɗi ɗaya ne yake yawan rusa irin wannan niyya, kuma ya kamata mai son yi ya san shi tun da wuri. A Malikiyya kyauta da sadaka da hubusi ba su cika sai abin ya fita daga hannun mai shi, an karɓa. Idan Alhaji ya faɗa a bainar jama'a cewa ya hubusta gidansa na Sabon Gari ga gajiyayyu, amma ya ci gaba da riƙe mabuɗi da karɓar haya har mutuwa ta riske shi, gidan gado ne, magada za su raba. Idan kuwa ya bari sai yana kan ciwon ajali, hukuncinsa na wasiyya ne, ba ya wuce sulusin dukiya. Saboda haka sai ya naɗa wakilin da zai kula da hubusin, ya rubuta iyakokin gidan da sharuɗɗan shiga da wanda zai gaji wakilcin, ya sa shaidu hannu, ya miƙa mabuɗai tun yana da lafiyarsa, a kuma ajiye takardar a wuri fiye da ɗaya, ɗaya a fada, ɗaya a kotu, ɗaya a hannun limamin unguwa.